Yadda ake hawan Dutsen Musa na Sina'i cikin dare, daga niyya har saukowa

Sau uku na hau Jabal Musa a shekarun da na yi ina zaune a Alƙahira, kuma in Allah Ya ara rai da ƙafa, akwai na huɗu. Duk wanda na gaya wa haka sai ya tambaye ni me na manto a can. Yana da gaskiya. Jan dutse ne tsurarsa, ba inuwa, ba ruwa, ga sanyin da ya fi na hunturun Jos nesa ba kusa ba. Hawan farko na yi shi yadda yawancin mutane ke yi: ayarin 'yan yawon buɗe ido, hayaniya, hoton fitowar rana, sannan saukowa da ciwon gwiwa. Abin da ya ja ni na koma wasu 'yan mintuna ne a tsakiyar hanya. Na durƙusa ɗaure igiyar takalmi, ayari ya sha kwana ya bar ni, tocilata a kashe. Da na ɗago kai, sai na ga sama cike maƙil da taurari, na ji shirun da ban taɓa jin irinsa ba, har bugun zuciyata nake ji. Tasbihi ya fito mini a baki ba tare da na shirya shi ba. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda za ka tsara tafiyar don irin waɗannan mintuna su yi yawa, maimakon su zo maka bisa tsautsayi.

Dutsen yana kudancin yankin Sina'i a ƙasar Masar, tsayinsa mita 2,285 daga doron teku. A gindinsa akwai gidan ruhubanawan Kirista na Sant Katrin, wanda aka gina a zamanin Sarkin Rum Jastiniyan tsakanin shekarar 548 da 565, kuma har yau da mutane a cikinsa. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Gidan da kansa yana kan tudu sama da mita 1,500, saboda haka abin da ƙafarka za ta hau kimanin mita 700 ne.

Mataki na farko: gyara niyya tun kana gida

Wannan ne matakin da ba za ka ji shi a bakin masu sayar da tikitin tafiya ba, amma ga Musulmi shi ne gaba da komai. Sunan Ɗuru Sinina ba baƙo ba ne a kunnenmu. Tun muna makarantar allo muke karanta shi a Suratut Tin, akwai sura sukutum mai suna Aɗ-Ɗur, ga labarin Annabi Musa, Alaihis Salam, a Suratu Ɗaha da Suratul A'araf: wutar da ya hango, umarnin ya cire takalmansa a kwari mai tsarki na Ɗuwa, darare arba'in, da dutsen da ya rududduge. Dole zuciya ta yi marmari.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata ka sani. Na ɗaya, masana tarihi da malamai sun saɓa a kan ainihin dutsen da aka yi wannan ganawa. Abin da ya sa aka fi jingina ta ga wannan dutse shi ne daɗaɗɗiyar al'ada da ta faro daga ruhubanawan ƙarnonin farko na Kiristanci, Larabawan yankin kuma suka riƙe ta. Na biyu, a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Abu Huraira da ya je Ɗur, a hanyar dawowa ya haɗu da Basra ɗan Abu Basra Algifari, wanda ya nuna masa cewa da ya riske shi kafin ya fita da bai bar shi ya tafi ba, ya kuma kawo masa hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi don ibada ga masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Malamai sun yi doguwar magana a kan iyakar wannan hani, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Ni abin da na riƙe, bayan na tambayi na gaba da ni, shi ne kada in ƙudurta cewa sallata a ƙololuwar dutsen ta fi ta masallacin unguwarmu lada, kada in shafi dutse don neman tubarraki, kada in ɗebo ƙasa in zo da ita gida. Na je ne in yi tafiya a bayan ƙasa, in dubi halitta, in tuna labarin da na haddace. Wanda ya warware wannan a ransa tun a gida zai hau da natsuwa. Wanda bai warware ba, waswasi ne zai yi masa rakiya har sama.

Ɗan'uwa Kirista shi ma yana da nasa abin tunawa a nan: Dokoki Goma, da Annabi Iliya da ya fake a kogon Horeb. Hanya ɗaya ce, kowa da abin da ya ɗauko a zuciya.

Mataki na biyu: zaɓi wata, sannan ka dubi wata

Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokutan da jikin Bahaushe zai fi jurewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi a sama yakan sauka ƙasa da sifili, wani lokaci har ƙanƙara ta zuba ta rufe matakala. Na taɓa yi a Janairu, ba zan ba kowa shawarar ya fara da shi ba.

Bayan kalandar Bature, sai ka ɗauko ta Musulunci. Idan ka hau a dararen sha uku zuwa sha biyar ga wata, farin wata zai haska maka hanya, kusan ba ka bukatar tocila, duwatsun kuma su yi kamar an watsa musu toka. Idan ka hau a ƙarshen wata ko farkonsa, duhu ne ƙirin, amma taurarin da za ka gani ba a misalta su. A Oktoba da Nuwamba, Kaza da 'Ya'yanta na nan tsaye bisa kanka kamar ka miƙa hannu. Ni na fi son duhun. Mai tsoron tuntuɓe ya ɗauki farin wata.

Ka guji ranakun bukukuwan Kirista da hutun ƙarshen mako na Masar, wato Juma'a da Asabar, in kana iyawa. Cunkoso ne babban abokin gabar abin da ka je nema.

Mataki na uku: isa gindin dutsen

Daga Dahab tafiyar kimanin awa biyu ce a mota, daga Sharm El-Shek kimanin awa uku. Daga Alƙahira doguwa ce, ana bi ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez, ka ware mata yini. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, fasfo ɗinka da bizarka su kasance a aljihun gaba, ɗalibi ya haɗa da takardar izinin zama. Shawarata ita ce ka isa garin Sant Katrin da rana ka kwana ɗaya. Masu tasowa daga bakin teku da ƙarfe goma na dare su fara hawa ba barci, su ne za ka gani a sama suna gyangyaɗi lokacin da ya kamata ido ya buɗe. Garin ya canza a 'yan shekarun nan saboda babban aikin gine-gine da gwamnati ta sa wa suna Attajallil A'azam, kada ka yi mamakin ganin sababbin tituna da otal-otal.

Mataki na huɗu: jiki da kaya

Sati uku ko huɗu kafin tafiya, ka riƙa hawan tudu kullum. Bakano yana da Dala da Goron Dutse, Bazazzage yana da Kufena, wanda ba shi da ko ɗaya yana da matakalar bene. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Kambas mai kauri a tafi wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi zai yi maka kanta da bororo kafin rabin hanya, silifa kuma kada ma ka fara. Tufafi a yi su hawa-hawa: riga mara nauyi a ciki, rigar sanyi a kai, sannan babbar jaket a cikin jaka. Dalili kuwa, kana hawa za ka yi gumi, kana tsayawa a sama gumin ya huce a jikinka, iska ta shiga. Ka riƙe busasshiyar riga guda ta canji. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, da rawani ko babban mayafi. 'Yan'uwa mata su sa wando mai kauri ƙarƙashin doguwar riga, kuma rigar kada ta kai ƙasa, don matakalar ba ta da tausayi ga mai jan tufafi.

Sai tocila, an fi son ta ɗaurawa a goshi, da ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, dabino ko gyaɗa, ƙaramar dadduma, da canjin kuɗin Masar a hannu. Akwai rumfunan Larabawan ƙauye a kan hanya masu sayar da shayi da biskit, kusa da sama kuma ana ba da hayar bargo. Kada ka yi girman kai, ka karɓi bargon.

Mataki na biyar: ɗan jagora, da maganar da za ka yi masa

Baƙo ba ya hawa sai da ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliyya, kuma akwai wurin binciken jaka kafin a shiga. Jabaliyya Musulmi ne, sun shafe ƙarnoni suna zaune da ruhubanawan gidan, su ke da lambunan almon da rumman da inabi a kwarurukan saman duwatsu. Hanyar a tafin ƙafarsu take.

Ga inda dabarar take. In ka shiga babban ayari, saurin ayari za ka bi, surutun ayari za ka sha. Ku haɗu ku biyu ko uku masu ra'ayi ɗaya, ku ɗauki jagoranku daban, ku daidaita kuɗi tun a ƙasa. Sannan ka gaya masa ƙarara cewa kuna son tafiya a hankali, kuna son shiru, kuna son isa sama kafin alfijir don salla. Zai gane, domin shi ma yana salla. A hawana na biyu da na faɗa wa namu haka, dattijo ne mai ƙarancin magana, sai ya ce mini da Larabci in bar masa sauran. Ya fitar da mu kusan awa ɗaya kafin motocin bakin teku su iso, hanya ta zama tamu.

Lissafin lokaci ba wuya. Duba lokacin ketowar alfijir na ranar, ka ja baya awa uku da rabi, nan ne lokacin tashinka. Yi alwala a masauki da ruwan ɗumi ka yi ƙoƙarin riƙe ta.

Mataki na shida: hawan kansa

Hanya biyu ce. Akwai Hanyar Basha, wadda ake kira hanyar raƙuma, da aka share a zamanin Abbas Basha na ɗaya, mai mulkin Masar daga 1848 zuwa 1854. Tana lanƙwasa kamar maciji, ba ta da tsauri sosai, awa biyu da rabi zuwa uku. Akwai kuma Matakalar Tuba, tsani 3,750 na dutse da ruhubanawa suka jera da hannu. Da dare, hanyar raƙuma za ka bi.

Rabin awar farko ita ce mafi yaudara. Jiki da ƙarfi, hanya a shimfiɗe, sai mutum ya saki ƙafa. Kada ka yi. Ka ɗauki takun da za ka iya yin magana cikinsa ba tare da haki ba, ko da kana ganin kamar hawainiya za ta wuce ka. Jabaliyya ba sa gajiya da cewa "shwayya shwayya", mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa. Idan taku ya daidaita, numfashi zai bi shi, a nan ne za ka ɗora zikiri: kalma ɗaya a shaƙa, ɗaya a fitarwa, ko istigfari ɗaya a kowane taku huɗu. Ba sai ka ɗaga murya ba. Bayan wani lokaci za ka lura ka daina ƙirga saura nawa, tunanin bashi da haya da jarrabawa sun yi sanyi, ba abin da ya rage sai ƙafa, numfashi da kalmar da ke bakinka. Masu yawan tafiyar ƙafa a daji ko'ina a duniya sun san wannan hali, kowa da sunan da yake ba shi. Ba ya zuwa a minti goma na farko. Sai jiki ya ɗan gaji tukuna, sai waya ta yi shiru a cikin jaka.

Wayar nan, ka kashe mata data ka jefa ta can ƙasan jaka. Ba a aljihu ba. Na ga mutum yana hawa yana sauraron saƙon murya na WhatsApp a lasifika, ya ɓata wa kansa, ya ɓata wa na bayansa.

Sau biyu ko uku a hanya, a inda take da faɗi kuma nesa da gefen rami, ka nemi jagora ku tsaya, kowa ya kashe tocila. Ido yana bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai, amma ko minti biyar ka ba shi za ka ga bambanci: taurari su ninka, inuwar duwatsu ta fito, can ƙasa ka hango fitilun masu tahowa kamar jerin ƙwaron wuta. Kada kowa ya yi magana. Wannan tsayuwar ita ce abin da na ce ta mayar da ni. Wani zai ji hawaye, wani zai ji tsoro-tsoro, wani ba zai ji komai ba sai sanyi, kuma babu laifi a ko ɗaya. Kada ka matsa wa zuciyarka sai ta ji wani abu. Ka tuna dai a irin wannan dare, a irin wannan ƙasa, wani bawan Allah ya ce wa iyalinsa su dakata ya hango wuta.

Raƙuma na bin hanyar nan cikin duhu, kuma tafinsu ba ya ƙara. In ka ji mai raƙumi ya yi kira, ka matsa ɓangaren jikin dutse, ba ɓangaren gangare ba. Wanda ƙafa ta gaza masa ya hau raƙumi, ba abin kunya ba ne, sai dai raƙumi yana da iyaka.

Mataki na bakwai: tsani 750 na ƙarshe

Kusa da wani fili da ake kira Farsh Iliya, inda ake danganta wa Annabi Ilyasu, hanyoyin biyu ke haɗuwa. Daga nan babu raƙumi, babu dabara, tsani 750 ne marasa daidaito, wani gajere wani har gwiwa. Sha shayi a rumfar ƙarshe, sa babbar jaket kafin ka ji sanyi, ka hau ashirin-ashirin kana hutawa. Iska a nan ta fi ta ƙasa ƙaranci, haki ba alamar rauni ba ne. Amma jiri, ciwon ƙirji ko amai alama ce ta tsayawa, ka gaya wa jagora nan take.

Mataki na takwas: asuba a sama

A ƙololuwa akwai ƙaramin masallaci, da ƙaramar majami'a ta Girkawa da aka sake ginawa a 1934 a kan kufan tsohuwa, yawanci a kulle take. Canza rigar da ta jiƙe, ka lulluɓa da bargo.

Ga wani kuskure da na ga 'yan gida sun yi, ni ma na kusa yi. A wajenmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne a baki, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas. A Sina'i ba haka ba ne. Makka tana kudu maso gabas, ta fi karkata kudu. Inda jama'a suka jeru suna jiran rana ba nan ce alƙibla ba. Shiga masallacin ka bi mihirabi, ko ka tambayi jagora. Idan alwala ta warware kuma ruwan da ke hannunka na sha ne, ko sanyin zai cutar da kai, taimama a kan dutse ta halatta a mazhabarmu, dutse kuwa ga shi nan ko'ina.

Bayan sallama akwai fiye da awa guda kafin rana ta fito, kuma a ganina ita ce awa mafi daraja a tafiyar duka. Nemi wani lungu nesa da bakin da kowa ke rububi, ka zauna da azkar ɗinka na safe. Sama za ta tashi daga baƙi zuwa shuɗi, zuwa ruwan goro, duwatsu su riƙa fitowa layi bayan layi har iyakar gani. Za ka ji wasu na rera waƙoƙin coci da harsunan da ba ka sani ba, wani yana kuka, wani yana karatu a hankali. Ka ba kowa wurinsa. Hoto kuwa, ɗauki biyu ko uku bayan rana ta fito, ka mayar da wayar.

Da rana ta ɗago, cikin minti goma sha biyar yawancin mutane za su zube ƙasa kamar an kore su. Ka bar su su tafi.

Mataki na tara: saukowa

In gwiwarka lafiya, ka sauko ta Matakalar Tuba. Da haske ne ake ganin kyanta: tsofaffin itatuwan Farsh Iliya, ƙofofin dutse biyu da aka gina a kan hanya, ɗaya ita ce inda a da wani ruhubani ke zama yana sauraron tuban mai hawa kafin ya bar shi ya wuce, sannan can ƙasa gidan Sant Katrin ya bayyana tsakanin duwatsu kamar akwati. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, a nan aka fi faɗuwa. Taka a karkace, kada ka yi tsalle, sanda tana taimako. Mai ciwon gwiwa ya koma ta hanyar raƙuma. Ledarka da robar ruwanka ka sauko da su.

Gidan ruhubanawan yana buɗe wa baƙi 'yan sa'o'i ne kawai da safe, ana rufe shi ranar Lahadi da ranakun bukukuwansu, ka tambaya tun jiya. A ciki akwai kurmin da suke dangantawa da wutar Annabi Musa, da rijiyar da ake kira da sunansa, da masallaci na zamanin Faɗimiyyawa daf da majami'a. Suna kuma ajiye da kwafin wata takardar amana da suke dangantawa ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam. Ka shiga da suturar kirki da murya ƙasa-ƙasa, gidan ibadar mutane ne.

In zuciya ta ce a koma

Za ta iya cewa, bayan sati ko bayan shekara. Kada ka maimaita tafiyar farko sak. Ka hau da la'asar, lokacin da hanya kusan ba kowa, ka yi magariba a sama, ka sauko da tocila ta hanyar raƙuma. Ko ka nufi Jabal Katrin da ke maƙwabtaka, mita 2,629, dutse mafi tsawo a Masar, wanda ya fi wuya kuma ya fi shiru, daga kansa kana hango Jabal Musa a ƙasanka. Mai lokaci da ƙarfi ya bincika ko har yanzu ana bin doguwar Hanyar Sina'i da ƙabilun yankin suka buɗe a 2015, ana kwanaki ana tafiya ana kwana a fili, jagora na miƙa ka ga jagora a iyakar ƙasar kowace ƙabila. Ko wacce ka zaɓa, ka karɓi lambar jagoran da ka ji daɗinsa kafin ku rabu, ka kuma tambaye shi wane wata ne lambunansu na sama ke nuna, don a lokacin ne yakan yarda ya bi da baƙo ta can a sha shayin habak, wani ganye dangin na'ana'a, a gindin rumman.